Shaidar Ƙoƙi-ƙoƙi da Shaidar Mazari

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ruwa ya tayar da tudu, ya ba kowanne halittarsa. Ku jikokina, kunnena ya yi nauyi amma bai mutu ba, na ji abin da ake faɗa. Ana cewa kakarku ta bi ƙwaro ta raba gida. Wasu da dariya suke faɗa, wasu da ciwon rai. To, tunda la'asar ɗina ta yi sakaliya, gara ku ji daga bakin da ya yanke maganar. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Ba a nan tudu aka kawo ni aure ba. A wata 'yar tunga aka kawo ni, can ƙasan Lolo, a bakin gulbi, inda in zakara ya yi cara a ƙasar Benin namu ke amsa masa. Shinkafa muke nomawa, irin ta dā mai dogon wuya, wadda in ruwa ya tashi ita ma sai ta tashi, tana binsa tana leƙen sama. A gidan mijina, iri ba ya zama a rumbu, kuma ba ya zama a hannun namiji. A cikin tulu ake zuba shi, a barbaɗa toka, a liƙe bakin da laka, a ajiye a ɗakin babbar macen gida. Ita ke buɗe shi in lokacin shuka ya yi, ita kuma ke faɗin inda za a shuka, ko can ƙasa kusa da ruwa, ko nan sama. Haka na tarar, a hannun Iya, uwar mijina.

Iya ba ta yanke wannan magana da ka. Shaidu biyu gare ta, kuma dukansu ƙwari ne. In bazara ta kama, sai ta ɗaura zane ta ce in biyo ta. Mukan fara da itatuwan giyayya na bayan gida, neman gidan ƙoƙi-ƙoƙi, koriyar nan mai dogon wuya da kan zauna a ganyen wake ta haɗa hannaye kamar mai addu'a, tana juya kai tana kallon mutum ido cikin ido. In za ta yi ƙwai, kumfa take yi a jikin reshe, kumfar ta bushe ta yi tauri, ƙwayayen suna ciki. Iya ta ce in ta liƙa shi ƙasa-ƙasa, ruwan bana mai kunya ne. In ta kai shi sama, a shirya gudu. Daga nan sai mu gangara cikin ciyawar jema a bakin ruwa, neman rigar mazari. Ba babban mazarin nan mai baje fukafukai ba. Akwai ƙaraminsa, siriri kamar tsinken tsintsiya, shuɗi, wanda in ya sauka sai ya haɗe fukafukansa a baya kamar yarinya mai ladabi. Shi a cikin ruwa ake haifarsa. Can yake girma, baƙi, mummuna, har ranar da zai hau karan jema, bayansa ya tsage, ya fito da fiffike, ya bar tsohuwar rigarsa a maƙale. Inda ya bar rigar, nan Iya ke dubawa. Ƙasa, ruwa kaɗan. Sama, ruwa da yawa.

Duk zamana da Iya, shaidun nan biyu ba su taɓa saɓa wa juna ba. Na taɓa tambayarta, in suka saɓa fa?

"Ke dai yi addu'a kada shi zo a zamaninki," in ji ta. "Ɗauko kwandon mu tahi."

A zamanina ya zo. Iya ta daɗe da rasuwa, kakanku ma ya bi ta, tulu ya dawo ɗakina. 'Ya'ya maza biyu suka rage mini a gida. Akwai na farin, wanda bakina ba ya kama sunansa, Babba nake ce masa. Akwai Auta. Gona ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya matansu ke ɗorawa. Babba mutum ne mai nauyin baki, yakan zauna ya haɗa hannu a gwiwa, sai kowa ya gama sannan ya jefa tasa. Auta kuwa ba ya zama. In ba ya cikin jirgi yana bakin jirgi, ko matarsa Hajo daga ƙetare ya ɗauko ta, Badendiya, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. A bazarar nan na fita ni kaɗai, gwiwoyina suna ƙara. Na duba giyayya ban ga komai ba, sai da na ɗaga kai har kallabina ya zame. Can sama na hango kumfar, inda ko namiji sai ya yi tsalle. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk wadda na gani a sama take. Na gangara cikin jema ina cewa to, bari in ji ta bakin ɗayan. Sai ga rigunan mazari a ƙasa, dab da ruwa, ko taƙi ɗaya ba su hau ba.

Da safe bayan an sha kunu na tara su a gindin giyayya na faɗa musu abin da na gani. Auta ya riga kowa.

"Inna, ai magana ta ƙare. Wanga ƙwaro naki mai salla bai taɓa jiƙa ƙahwa ba. Mi ya sani ga ruwa? A tambayi wanda anka haifa cikinsa."

"Kai ma cikinsa anka haife ka," in ji Babba, "kuma bara kai ka ce ba ya kai turken awaki."

"Ya kai?"

"Awakin dai a ɗakina sunka kwana."

Hajo ta tuntsire da dariya daga bakin murhu.

"Yaya, kai dai ka ce tudu kake so. Tun da anka kawo ni gidanga kake kallon gulbi awa wanda ya ci maka tuwo."

"Ke yi ta kanki," in ji Babba, bai ko ɗaga murya ba. "Ku mutanen ƙetare ko a kan kada anka shimfiɗa muku tabarma kuna barci."

Aka yi dariya, har da ni. Amma da dariyar ta lafa sai Babba ya fito da abin da ya daɗe yana riƙe da shi. Ya ce ƙanena da ke wajen Kurgu ya yi masa alkawarin saura, wata gona da aka daina nomawa, a kan tudu, in muna so. Ya ce shi ya gaji da gina ɗaki ruwa yana cinyewa. Auta ya ce kabarin ubansu yana nan, fadamar ubansu tana nan, shi ba ya zuwa inda sai an zura guga kafin a ga ruwa. Daga nan duk suka juyo gare ni, don sun san tulu a ɗakina yake.

Ban amsa ran nan ba. Kwanaki na yi ina zaga shaiduna, ina auna su kamar mai sayen ƙwarya. Na zauna a cikin jema na kalli mazari. Ba shi da mugunta a fuska, ba shi da nauyi, kara ma ba ya lanƙwasa in ya sauka. Yana shawagi yana tsintar ƙananan ƙwari, in ka kai hannu ya matsa kaɗan ya sake sauka, ba ya fushi, ba ya nisa da ruwa. Na koma gonar wake na kalli ƙoƙi-ƙoƙi. Ita ba ta shawagi. Takan tsaya wuri ɗaya har ka ɗauka ganye ce, hannayen nan a haɗe, kai ka ce waliyiya. Sai fara ta gifta, kafin ƙiftawar ido ta cafke ta, ta fara ci tun daga kai, a natse, ba gaggawa. In don kyan hali ne, da mazari zan bi. Amma ba kyan hali nake nema ba, wanda ya san gobe nake nema.

Ga abin da na gani, ku riƙe shi, don a kansa na tsaya. Mazari ruwa gidansa ne. In ruwa ya tashi bai yi asarar komai ba, gidansa ne ya ƙara faɗi. Ranar da zai fito, iyakar inda fiffikensa zai bushe yake hawa, ya tashi abinsa. Abin da yake faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar ranar ce. Ita kuwa ƙoƙi-ƙoƙi, in ta liƙa kumfar nan, ba za ta ga abin da zai fito ciki ba. Mutuwa take yi ta bar shi. Dole ta zaɓi wurin da zai tsira bayan ba ta nan, lokacin da ba mai ɗauke shi ya gudu da shi. Uwa ce mai shirin tafiya. Na dubi hannuwana, na dubi jikokina suna wasa a bakin ruwa, na ce na san wadda nake jin yarenta.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, na gaji. Ku da kuka tashi a tudu ba ku san gudun ruwa ba. Ba ku san a ɗora tukunya a ka, ɗa a baya, kaza a hammata, ruwa yana dukan ƙirji, ana taka abin da ba a gani ba. Ba ku san a dawo a tarar da ɗaki ya zama tsibin laka, a sake kwaɓa ƙasa, a sake yankan ciyawa, a sake jera duwatsun murhu, alhali an san za a sake ba. Na yi wannan ina amarya, na yi shi da ciki, na yi shi da goyo, na yi shi ina takaba. Wuyana ya ce ya isa. In an ce gajiyata ta sa hannu a ma'auni, ban musa ba. Gajiya ma shaida ce, kuma ta fi ƙwarin nan biyu daɗewa a bakin gulbi.

Na tara su na ce tudu za mu. Babba bai yi murmushi ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka, kuma a ranar na gane har amalanken da zai kwashe mu ya riga ya yi magana da mai shi. Auta ya tashi ya tafi wajen jirginsa. Ranar tashi, an ɗaure kaya, an kamo awaki, na fito daga ɗaki rungume da tulu. Sai ga shi a bakin ƙofa.

"Inna, ku sauka lahiya. Ni ba ni zuwa."

"Na ji."

"To a bar mini iri. Shinkafar Baba ba ta fita a tudu, ke ma kin sani. Mi za ki yi da ita can?"

"Iri inda uwar gida take nan yake zama. Haka na taras."

"Ko rabi, Inna."

"Ba a raba shi. In kana sonsa ka san inda yake."

Ya dube ni, ya dubi tulun. Idonsa ya kaɗa. Bai ɗaga mini murya ba, bai taɓa ba. Hannu ya sa ya karɓi tulun, ya kai shi amalanke da kansa, ya naɗe shi da tsumma don kada ya fashe a hanya.

Ni lissafina a fili yake. Manomi ba iri, ina za shi? Na ce zai yi fushinsa, fushin ya huce, kafin ruwan shuka ya sauka zan ji sallamarsa, shi da Hajo da kayansu. Igiya na ɗauka na riƙe. Na manta cewa wanda ke da jirgi, gaɓa biyu gare shi.

Tudu bai karɓe mu da fara'a ba. Saurar da aka ba mu ta daɗe ba a taɓa ta ba, kafin a sassabe a ƙone ruwan fari ya wuce mu, muka shuka gero a makare. Hannun da ya saba da laka ya sha wuyar tsandauri. Matar Babba, Lanti, takan dawo daga rijiya tafin hannunta ya yi ja. Ni kuma kullum kunnena yana hanya. Duk babur ɗin da ya tsaya sai in gyara zama. Shiru. Sai wata ranar kasuwar Lolo, wata maƙwabciyarmu ta dā ta aiko mini da goro da labari. Ta ce Auta ya haye wajen surukansa, sun ba shi iri, irin zamani gajere, amma da sharaɗin ya noma tare da su a fadamarsu ta can gefe. Ta ce ya cire jinkar ɗakinsa ya ɗora a jirgi.

Ruwan da muka guje wa kuwa a shekarar nan bai zo ba. Ku ji da kyau, bai zo ba. Gulbi ya tashi a hankali kamar mai jin nauyin baƙi, ya tsaya inda ake so, ya koma. Waɗanda suka zauna a tunga suka yanki shinkafar da tsofaffi suka ce sun manta rabonsu da irinta. Mu kuwa a tudu, tun gero bai fid da kai ba rumbunmu ya yi ƙara. Muka shiga tafasa da rama, yau da ɗan gari, gobe ba gari. Manya suna iya haɗiye yawu su kwanta. Yara ba su iyawa. Wata rana da hantsi Lanti ta shigo ɗakina, ta durƙusa, ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Inna, ƙaramin ya daina kuka."

"To ai alhamdu lillahi."

"A'a, Inna. Ƙarhin kukan ne babu."

Ba ta dubi tulun ba, ni ma ban dube shi ba, amma shi kaɗai ne a ɗakin. Na aika a kira Babba, na ce ko yana da wata dabara. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya je inda zai je, kowa da tasa yunwar. Na ce to ku fita. Na jawo tulun tsakanin ƙafafuna. Iya ta riƙe shi, uwar mijinta ta riƙe shi, an gudu da shi a ka cikin ruwa ba sau ɗaya ba, ba a taɓa buɗe shi don tukunya ba. Na ɗauki muciya na bugi lakar. Da na ji ƙamshin tokar nan sai na ga fadama a idona. Na sheƙe tokar da kaina, na surfa da kaina, ban bar Lanti ta taɓa ba, don kada wata rana a ce ita ce. Kaɗan-kaɗan muka riƙa dafawa har gero ya nuna. Yaran suka tashi. Wanda ya daina kukan nan, ga shi can yanzu yana ja mini carbi yana gudu. Ni dai ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Ruwan da ƙoƙi-ƙoƙi ta faɗa sai da damina biyu suka wuce sannan ya zo, kuma da ya zo bai bar tunga ba. Ɗakuna, rumbuna, giyayyar da muke zama a gindinta, har wurin da muka sa kakanku, duk ya shafe. Mutane suka watse. A lokacin sai masu dariya suka koma cewa tsohuwa ta ga nesa. Ban ji daɗin wannan ba, kamar yadda ban ji zafin dariyar ba. Mazari ya faɗi gaskiyar shekararsa. Ƙoƙi-ƙoƙi ta faɗi gaskiyar wata shekara. Ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu, kuma ba wanda ya gaya mini abin da zan biya.

Bayan ruwan ya janye, Auta ya kira wayar Babba ya ce a kawo ni Lolo ranar kasuwa, yana son ganina. Aka ɗora ni a babur, ƙasusuwana suna kuka har muka isa. Na same shi a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa. Ya yi baƙi, ya yi furfura a gemu, Autana. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙo mai girma. Wata 'yar yarinya tana maƙale da rigarsa, goshinta goshin kakanku sak. Na miƙa mata hannu, ta ɓuya a bayansa, ta yi masa magana da Dendanci.

"Mi ta ce?"

"Ba komai, Inna. Ƙuruciya ce."

"Faɗa mini."

"Ta ce wace ce wagga tsohuwa."

Na ce ai ta yi tambaya mai kyau. Muka zauna a kan wani jirgi da aka kife. Ya ce ruwan ya ci su su ma, gajeren irin nan ko kwana biyu bai yi a ƙarƙashin ruwa ba ya ruɓe. Ya ce ya bi mutanen tungarmu ɗaya-ɗaya yana neman mai dogon wuya, wasu nasu ya tafi da rumbu, wasu sun daɗe da komawa noman rani da inji. Ya ce zaman gidan surukai ya ishe shi, namiji da gemunsa ana nuna masa inda zai sa fartanya. Yana magana yana wasa da igiyar jirgi, bai dube ni ba.

"Na ga wata fadama ta wanga gefe, ba ta da nisa da ku ƙwarai. Mai ita ya ce ruwa ya yi mata yawa, ba mai so. Shinkafar Baba kaɗai za ta iya da ita. Na ce wa Hajo, iri yana wurin Inna, Inna ba ta wasa da shi. Ko ya tsufa, in anka shuka da yawa wani zai fito. Ko cikin tahin hannu ɗaya ne, Inna. In na samu, bana nan zan yi damina."

Kasuwa tana ta hayaniya a bayanmu, masu kifi suna kira, ana sauke buhuna.

"Mun ci, Auta."

Ya ɗago.

"Yunwa ta kama yaran yayanka. Ni na fasa, ni na surfa. Ko ƙwaya ba ta rage ba."

Ya dubi ruwa. Sannan ya gyaɗa kai a hankali.

"Sun tashi dai?"

"Sun tashi."

"To ai ya yi aikinsa. Allah shi sa albarka."

Ya tashi ya ɗauko ɗan buhun busasshen kifi da ya kawo mini, ya ɗaure shi da kansa a bayan babur, ya ja igiyar ya ga ta yi ƙarfi. Ya ce in gaida Yaya da Lanti. Ya ɗaga yarinyar ya sa a jirgi, ya kwance, ya tokara gora. Mai babur ya ce, "Inna, mu tahi, rana tana yi." Na ce ya dakata. Na tsaya har suka kai tsakiyar gulbi, inda idona ba ya iya raba mutum da ruwa. Yarinyar ce kawai na ga kamar ta juyo, ko don ni, ko don kasuwa, Allah ne masani.